Gizo da Jatan Landen Baƙin Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku. Mai surutu ya fita waje.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Shi Gizo a bakin teku aka haife shi, inda uwarsa ke kamo jatan lande ta yi masa miya. Da ta rasu, yawon duniya ya kai shi Arewa. Shekara talatin, ko naman rago aka ba shi sai ya ture kwano ya ce, "Ba miyar Inna ba ce."

Rannan kewa ta ci ƙarfinsa, ya ɗauki tukunya ya kama hanyar gida. Ya tarar ruwan ya yi baƙi ƙirin, mai na yawo a kai, ƙazantar gari duk nan take zubowa.

Zalɓe na tattara 'ya'yansa zai yi ƙaura. Ya ce, "Kai Gizo, ni da na gaji kamun jatan lande ma na bar ruwan nan."

Gizo ya ce, "Tsoro dai, dogon banza."

Tsohuwar Ƙaguwa ta leƙo daga rami ta ce, "Ɗan marigayiya, ba kai ba ne? Abin da ke cikin ruwan nan, shi ke cikin jatan lande. Kada ka ci."

"Iya, ai dafawa zan yi."

"Wuta tsutsa take kashewa, ɗan nan, ba guba ba."

Bai ji ba. Ya kamo, ya tafasa, ya zubar da ruwan. Ya sake tafasawa da kanwa. A ta uku ya sa daddawa da barkono, yadda Inna ke yi. Ya kai loma, ya lumshe ido. Sai ɗanɗanon kananzir. Ya ce wataƙila daɗin na ƙasan tukunya. Ya ci har ya suɗe.

Kwana bakwai yana amai da gudawa, Ƙaguwa na ɗura masa ruwan sama. Ya tashi, ƙafafu kamar tsinke. Ya ce, "Iya, in na tuna miyar Inna yanzu, kananzir nake ji a bakina."

Ƙaguwa ta ce, "Da tana nan cikin ranka lafiya lau. Kai ka zuba mata kananzir."

To, kun ji. Abin da ya fito daga mugun ruwa, ko kwana kuka yi kuna dafawa, mugu ne. Kewa kuwa a zuci ake riƙe ta, ba a cika ciki da ita.

Ƙungurus kan kusu, wanda ya musa ya je ya tambayi Gizo.