Ɗan Sandan da Ya Koya wa Iyaye Yin Shiru

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a Umbadda, wata unguwa a tsallaken kogi daga Khartoum, zamanin mulkin soja, ɗan sanda, jininmu ne kuwa, Bahaushe. Ba zan kama sunansa ba. Shi ke karɓar ƙara a ofishinsu, kuma da yake yana jin Hausa, wurinsa iyaye ke zuwa in 'ya ta ɓace.

Ba ya cin hanci, ba ya shan giya. Zunubinsa ƙyuya da mugun baki. Neman mutum aiki ne: a bi asibitoci, a bi tasha, a tambayi direbobi. Shi kuwa sai ya gano cewa mutanenmu sun fi tsoron kunya a kan komai.

Wata tsohuwa, Gogo Bakhita, ta zo masa: 'yarta mai sayar da shayi a kasuwar Suk al-Arabi ba ta dawo ba. Ya ce, "Gogo, mace ba ta ɓacewa, namiji take bi. In na buɗe ƙara, gobe unguwa ta ɗauka. Kina so?" Tsohuwa ta ja mayafi ta fita tana hawaye. Haka ya sallami iyaye ba adadi, har ƙananan 'yan sanda suka haddace maganar. A gida ma yakan maimaita ta gaban matarsa Khadiga, ya ƙara da cewa, "Da tawa ce, wallahi ta bar gidana ke nan."

Ran nan 'yarsa Mawahib ta haye kogi zuwa Khartoum sayayya, ba ta dawo ba.

Me kuke zato uwar ta yi? Ta ce wa mijin yarinya na wurin innarta a unguwar Alsawra. Tsoronsa take ji! Ta saci jiki ta tafi wani ofishin, ta tarar da wanda mijinta ya horar. Bai san ta ba. Ya ce, "Hajiya, mace ba ta ɓacewa." Ta dawo ta kama bakinta.

Ashe mota ce ta buge Mawahib. Tana kwance a asibiti ba ta san inda take ba, likitoci na cigiyar dangin da za su ba da jini. Ba wanda ya zo. Kafin uban ya ji gaskiya, ta rasu, an binne ta cikin waɗanda ba a san danginsu ba. Takalmanta kawai aka miƙa masa.

Ya ajiye kaki. Na gan shi da idona a maƙabarta, ba takalmi, yana tare masu haƙa kabari yana cewa, "Wanne ne nata?"

Ya 'yan uwa, zargin mace ba shaida babban zunubi ne, kujerar aiki kuma amana ce. In taku ta ɓace, ku yi cigiya da ƙarfi, kunya ba ta kai rai ba. In ta maƙwabci ce, ku raka shi ofis, ku zauna da uwar.

Allah ya kiyaye mu da bakinmu, ya mai da waɗanda suka ɓace ga iyayensu. Amin.