Allon da Malam Bar-min ya kulle

Akwai wani malamin kimiyya da ɗalibansa suka laƙaba wa suna Malam Bar-min, don kalmar ba ta barin bakinsa. Ka ɗauki tsumma za ka goge masa allo, "bar min." Ka miƙa hannu za ka karɓi jakarsa, "bar min."

Gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Amma ko a ofishin malamai kujerarsa na can lungu kusa da soket, ya ba kowa baya, yana cin abinci yana kallon kwamfuta.

Da aka sa ranar baje kolin ayyukan ɗalibai, ajinsa ya zaɓi haɗa matatar ruwa da robobi, yashi, tsakuwa da gawayi. Iyaye za su zo kallo, kuma wannan ne karo na farko da aka ba ajin teburi nasu na kansu. Yara har tsalle suke yi.

Malam ya tsara aikin a wata manhaja. Allo ne mai gida uku: "ana jira", "ana kai", "an gama". Kowane aiki da katinsa, kowane kati da rukunin da zai yi shi. Ya kafa doka: kada rukuni ya fara nasa sai katin da ke gabansa ya shiga "an gama".

Tsari kam ya tsaru. Sai dai ya kulle allon. Yara na iya buɗewa a ɗakin kwamfuta su gani, amma ba mai iya matsar da kati ko rubuta harafi ɗaya sai shi.

Malamar lissafi, wadda ajinta ke maƙwabtaka da nasa, ta ce, "Malam, ka buɗe wa yaran nan mana su riƙa taɓawa."

Ya ce, "Su jagwalgwala min? Bar min kawai, Malama."

Ana haka sai babur ya kayar da shi, ƙafa ta karye. Aka ɗaure ta, aka kai shi ɗakin da yake haya shi kaɗai. Malamai suka zo dubiya a ranar farko. Washegari ya liƙa sanarwa a saman allon: "Ba sai kowa ya wahalar da kansa zuwa ba. Zan gudanar da komai daga gida."

Mutane kuwa suka ɗauke shi a kan maganarsa.

Yayarsa kan kawo abinci da safe ta wuce wajen aikinta. Daga nan sai shi da fanka da silin. Yana jin hayaniyar yaran wasu makarantu suna wucewa ta bayan taga, ba wanda ke tsayawa. Ruwan shansa ya ƙare da rana, sai ya haƙura har yamma. Kaɗaicin da yake nema da kansa a ofis, yanzu ya zo ya zauna masa a ƙirji.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne allon. Kullum ya buɗe, katin "wanke yashi" na nan a "ana kai", sauran duk sun yi layi a bayansa. Ranar baje koli na ƙaratowa. Ya ce a ransa, "Dama na sani, in ba na nan ba abin da za su iya."

Da abin ya ishe shi ya kira Malamar lissafi. Ko gaisuwar kirki bai yi ba.

"Malama, yashi ma ya gagari yaran nan?"

Ta ce, "Wane yashi? Tun makon jiya suka wanke, har ya bushe a bayan aji."

"To me ya hana su gaya min?"

"Ta ina? Ka hana su rubutu, ka hana su zuwa. Masu gawayi na zaune suna jiran kati ya motsa, kamar yadda ka ce. Jiya na tarar da monitar ajinka a gaban kwamfuta tana ta jan katin, ya ƙi. Kuka take yi, wai iyayensu za su zo su ga teburi ba komai."

Ya dubi ƙafarsa, ya dubi allon. Ashe ba yaran ne suka tsaya ba, shi ne ya tsaya musu a hanya.

Ya ce a hankali, "Malama, ki yi haƙuri. Ki taya ni."

Bai taɓa faɗin haka ba tun da ya fara koyarwa. Ya shiga saitin manhajar ya ba kowa izinin rubutu, ya goge sanarwar nan.

Washegari da hantsi, lokacin da ajin ke ɗakin kwamfuta, sai ga katin yashi ya zame ya faɗa "an gama". Na gawayi ya matsa zuwa "ana kai". Wani ya saka hoton robar da suka yanka a karkace, ya rubuta, "Malam, haka ta yi?" Ba ta yi ba, amma Malam ya sami kansa yana dariya shi kaɗai a ɗaki.

Can sai ya ga wani sabon kati da ba shi ya ƙirƙira ba. An rubuta: "Zuwa gaishe da Malam." A wurin rukuni an sa: "Duk aji." Katin yana gidan "ana jira", an ajiye masa shi ya yanke hukunci.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sa yatsa ya ja shi zuwa "ana kai".

Bayan an tashi daga makaranta ya ji sallama a ƙofa, murya a kan murya. Monita ce a gaba, ɗauke da matatar da suka haɗa, ruwa na ɗiga daga ƙasanta fari tas. Ya yunƙura zai miƙo kofi.

Ta ce, "Malam, bar min."

Ya bar mata.

Darasi: Manhaja tana tsara aiki, amma mutane ne ke yin sa. Wanda ya kulle ƙofa don kada a ɓata masa, ya kulle ta har ga masu zuwa taimakonsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku tura wa duk wani mai "bar min" da kuka sani, ko ya buɗe tun kafin ƙafa ta karye.