Shamuwa da Garin da Ya Cinye Itatuwansa

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta, mu kasa kunne.

Wai a wani gari akwai Shamuwa da mijinta. Kowace shekara gab da damina sukan sauka kan wata tsohuwar tsamiya, inda ya fara ɗauko mata tsinke ya yi mata sheƙa. A garin nan ba mai zuba iri a ƙasa sai an ga Shamuwa. Ko ruwa ya sauka, in ba ta iso ba, sai a ce ruwan yaudara ne.

Wata shekara suka iso, sai suka tarar an mayar da tsamiya gawayi. Shamuwa ta kai ƙara wurin Sarkin Noma Barmo. Sai ya ce ta yi haƙuri, ai itace ba ya ƙarewa a daji, ta koma kan ƙirya. Da shekara ta zagayo, sai suka tarar an sassaƙa turame da ƙiryar. Barmo ya ce ta koma kan kanyar bakin gonarsa, kuma ya rantse ba mai taɓa ta.

Mijin ya sake yin sheƙa, ta saka ƙwai. Wata safiya sun tafi kiwon fara, sai Barmo da kansa ya sa gatari, wai inuwar kanya tana hana geronsa girma. Suka dawo suka ga ƙwai a fashe. Mijin ya yi ta juya ɓawon da baki. Ita kuwa ranta ya ɓaci, ta ce masa su tashi. Suka bar ƙasar.

Damina ta gaba hadari ya haɗu, ruwa ya sauka. Mutane suka duba sama, babu Shamuwa, sai suka ce yaudara ce. Aka sake yin ruwa, suka sake jira. Iri na cikin rumbu har geron maƙwabtan garuruwa ya kai gwiwa.

Sai Barmo ya ɗauki sanda ya bi daji, har ya same ta a wata fadama mai nisa. Ya durƙusa.

"Uwar damina, me muka yi miki? Kin bar mu da yunwa."

"Au, tambaya ma kake, Sarkin Noma? Labarin ruwa kuke so a bakina, amma reshe ɗaya da zan ɗora ƙwaina ya gagare ku. A kan me zan sauka? Kan rawaninka?"

Ya yi ta roƙo, ya ce gobe zai dasa tsamiya.

"Je ka dasa. Ran da reshenta ya iya ɗaukar sheƙa, jikokina za su zo su gaida jikokinka."

Barmo ya juya gida, ruwa na dukansa.

To kun ji. Wanda ya rushe masaukin baƙo, kada ya zauna jiran alherin da baƙon ke kawowa.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.