Tabawa da Mudun Haske

Ɗan hakimi ya dawo daga jami'a yana cika baki, wai haske ƙwayoyi ne kamar gero, kuma igiya ne kamar ta ruwa. Tabawa mai awo ta tuntsire da dariya.

Hakimi ya fusata. "Ke da kika san ƙwaya, auno min mudun haske, ko ki bar kasuwata!"

Da tsakar rana ta dire masa mudu rufe da faifai. Ya buɗe.

"Babu komai ciki!"

"Ranka ya daɗe, da me ka ga babu komai, in ba haske ne ya cika shi ba?"

Ya yi tsuru-tsuru. "To, ƙwaya ne ko ruwa?"

Tabawa ta taɓe baki. "Awo ka sa ni. Miƙa wa ɗanka ya tauna, in ya ƙi taunuwa ya kurɓa."