Kalanzir Mai Ƙamshin Fenti

An yi wani mutum a garin nan na Potiskum da ya ƙone matarsa, alhali yana gareji lokacin da wutar ta tashi.

Mai fentin tirela ne. Ni ma na ci abinci a wannan sana'a, don haka abin da na sani nake rubuta muku. Akwai ruwan da muke kira tina. Garai yake kamar ruwan sha, ƙamshinsa na hawa kai. Da shi ake tsinka fenti, da shi ake wanke bindigar feshi, kuma sinadarin da ke cikinsa shi ne a sholishon masu faci. Abu ne mai amfani. Amma ba ya jiran ashana ta taɓa shi, tururinsa kaɗai ke kama wuta. Duk mai fenti ya san haka.

Shi mutumin nan ba ya zubar da tinar da aka yi wanki da ita. Sai ya bari ta kwanta, ya tace, ya gauraya da kalanzir, ya kai wa mata masu sayarwa a kwalba cikin unguwa. Na gidansa kuwa daga gidan mai yake sayowa. Ya ce wa matarsa Basira, "Kada ki kuskura ki sayi kalanzir a unguwar nan."

Ta ce, "Malam, me ya sami na unguwa?"

Ya ce, "Ni dai na faɗa miki."

Ya 'yan uwa, wanda ya hana iyalinsa abu, ya sayar wa iyalin wasu, zai ce bai sani ba?

Labari ya zo risho ya fashe da wata mata a Ngojin. Abokin aikinsa Adamu ya ja shi gefe ya ce, "Wane, ka ji tsoron Allah." Ya ce ƙaddara ce, ya koma kan tacewarsa.

Wata ranar Laraba Basira na dafa abincin da za a kai masa gareji, kalanzir ya fara ƙarewa, shinkafa ba ta nuna ba. Ta leƙa katanga ta ari rabin kwalba wajen maƙwabciya. Ta zuba a risho yana ci, yadda ta saba shekara goma sha huɗu ba abin da ya taɓa faruwa.

Rishon ya fashe da ita. Da ya iso gida, tun daga zaure hancinsa ya gaya masa. Ƙamshin garejinsa ne.

Kwana shida ta yi a asibiti tana neman gafararsa, wai ta saɓa maganarsa. A na bakwai ta cika.

To, ku masu algus, ku ji. Abin da ka zuba a kasuwa ba ya tambayar gidan wa zai shiga. Ya san hanyar gidanka.

Mutumin yana nan da rai. Ya bar fenti, don ko tirela sabuwar feshi ta wuce sai ya durƙusa yana amai. 'Ya'yansa huɗu suna Gadaka wajen dangin uwarsu, sun ji komai, ba mai amsa sallamarsa.

Allah ya kiyaye mu da cin abincin da za a dafa da naman iyalinmu.