Babbar Rigar da Ta Ƙi Komawa

Akwai wani ɗan barkwanci a Bulumkutu mai suna Abdulnasir. Ko zaman makoki ya je, sai an roƙe shi ya kame bakinsa. Baki kam akwai kaifi, aljihu ne dai sai a hankali.

Wata rana aka gayyace shi ya ba da dariya a bikin karrama 'yan fim. Ya buɗe akwatinsa, ya ga duk rigunansa jama'a sun haddace su.

Sai ya shiga shafin Ya Gumsu, wata dattijuwa a Abbaganaram mai sayar da kayan maza ta waya. Ƙa'idarta sananniya ce: in kaya bai yi maka ba, dawo da shi ka karɓi kuɗinka, muddin ba ka sa ba. Wanda kuwa ya raina mata hankali, hotonsa take mannawa a shafin, duk Maiduguri ta gani.

Ya zaɓi babbar riga ta shadda mai aikin hannu. Dabararsa ita ce ya sa ta yini ɗaya, ya ninke, ya ce ta yi masa yawa. Ɗan keke ya kawo, Abdulnasir ya rataye ta, ya tafi aski.

Matarsa Mu'mina ba ta san da wata dabara ba. A wajenta, miji ya shiga taro ba turare, ai abin kunya ne. Ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wutan da take ji da shi, ta kifa kabbasa, kwandon turara kaya, ta lulluɓa rigar a kai. Ba ta yi rowa ba ko kaɗan.

Tun daga ƙofar gida Abdulnasir ya ji ƙamshin turare.

"Mu'mina, me kika yi wa rigar nan?"

"Turare mana. So kake a ce ba ka da mata?"

Haka ya zura rigar ya fita.

A wajen bikin kuwa an yi cece-kuce. Kyautar gwarzon jarumi aka miƙa wa ƙanen mai shirya taron, wanda a matsayin gawa kawai ya fito a fim. Zaure ya ɗau gunaguni. Abdulnasir ya karɓi lasifika, ya gyara riga.

"Jama'a, ku daina hassada! Ni ban taɓa ganin gawa mai tari irin tasa ba!"

Aka fashe da dariya. Ya dubi alƙalan da suka ba da kyautar ya ƙara: "Ha'inci dai ko an yi masa wanka da turare, sai an ji warinsa."

Kafin magariba bidiyon maganarsa ya zaga gari.

Sai aka koma kan riga. Ya shanya ta a igiya, ya kunna mata fanka, ya kai ta rana. Turaren Barno ba ya jin lallashi. Duk da haka ya rufe ido ya tura saƙo cewa rigar ta yi masa yawa.

"Kawo da kanka, ɗana," in ji Ya Gumsu.

Ya same ta zaune a kan darduma.

"Wushe, Ya Gumsu."

"Wushe, ɗana. Zauna."

Ko ledar ba ta buɗe ba, ƙamshi ya riga ya cika ɗakin. Ta ɗauko waya ta kunna masa bidiyonsa. Ga shi cikin rigar yana ta fankama, ga muryarsa tana maganar ha'inci da turare.

Mutumin da baki ne sana'arsa ya tuna da shafinta. Hoto ɗaya ya isa. Wa zai sake dariya in ya caccaki maha'inta? Shi za a yi wa.

"Ya Gumsu, ki rufa min asiri."

Ta dube shi, sannan ta kifa wayar.

"Na yi niyya, wallahi. Amma da na ji turaren nan na fasa. Wannan ba na kasuwa ba ne, haɗin hannu ne, kuma da so aka zuba shi. Matar da ta yi maka wannan hidima ba ta cancanci ta ga hoton mijinta a shafina ba. Ɗauki rigarka, taka ce. Ka gaishe min da ita."

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Ya yi godiya ya fito, leda a hammata.

Har yau rigar nan yake sawa duk inda aka gayyace shi. Abokai na tsokanarsa wai ita ma an haddace ta, shi ko a jikinsa. In Mu'mina ta ɗauko kasko, shi da kansa yake hura mata garwashi.

Darasi: Kafin ka nuna wani da yatsa, shinshina rigarka tukuna. Kuma in asirin wani ya faɗo hannunka, tuna da waɗanda ke bayansa da ba su ji ba, ba su gani ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu sa kaya su ce bai yi musu ba.