Tsohon da Wa'il Ya Sa a Talabijin

Akwai wani matashi a unguwar Umbadda ta birnin Omdurman, a Sudan, mai suna Wa'il, marubucin wasan barkwanci a wani gidan talabijin na Khartoum. Azumi ya matso, amma duk abin da ya rubuta sai darakta, Ustaz Abdulmun'im, ya ture.

"Babu dariya a ciki. In ba ka kawo abin kirki ba, zan rufe shirin, kowa ya kama gabansa."

Da wannan aikin Wa'il yake kula da mahaifinsa, Malam Mika'ilu, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, bakinsa ya karkace. Cikin ruɗewa, don kawai ya tausasa darakta, sai ya kwaikwayi yadda tsohon ke magana, harshe na sarƙewa tsakanin Hausa da Larabci.

Ustaz ya yi dariya har da dukan tebur. "Shi ke nan! Rubuta mana wannan tsohon, ya riƙa zubar da shayi a riga."

Wa'il ya hau mota zuwa gida Omdurman. In ya ƙi, aiki ya tafi. In ya yarda, duk Sudan ta yi wa ubansa dariya.

Ya tarar da tsohon a gadon igiya, maƙwabcinsu Hamuda na ba shi shawarwarin magani iri-iri. Malam Mika'ilu ya bari ya gama, sannan ya ja maganarsa da ƙyar:

"Hamuda, ni rabin bakina ya mutu. Kai yaushe naka zai huta?"

Tsakar gida ta kaure da dariya, har Hamudan. Wa'il ya tsaya a bakin ƙofa, hawaye na zubo masa.

Ya rubuta tsohon, amma ba wanda ake wa dariya ba. Tsoho ne mai karkataccen baki da kaifin harshe, wanda duk unguwa ke shakkar amsarsa.

Ustaz ya karanta ya ɗaure fuska. "Ina zubar da shayin?"

"Ustaz, ubana ne. Ka kore ni in ka so, amma ba zan zubar masa da shayi ba."

Lokaci ya ƙure, babu wani rubutun, dole aka ɗauki wasan a haka. Kafin rabin azumi, direbobin tashar kasuwar Suk al-Shabi na jifan juna da maganganun tsohon.

Wata rana bayan shan ruwa, Malam Mika'ilu ya kalli shirin har ƙarshe. Wa'il ya matso kusa da shi.

"Baba, ka gane shi?"

"Na gane. Sai dai na fi shi kyau."

Darasi: Dariyar da ake yi tare da mutum tana ɗaga shi, wadda ake yi masa kuwa tana binne shi da ransa. Kome tsananin matsi, kada ka sayar da mutuncin wani don a tafa maka. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su amfana.